Kwat Ɗin Makaranta da Takardar Shaidar 'Yata

Daga: Mahaifin ɗaliba mai lambar rajista 2217,
Aji Biyar, Ɓangaren Kimiyya.
Shagon ɗinki na uku, layin teloli, bayan tashar mota.
6 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Makarantun Sakandare,
Ofishin Ilimi na Shiyya.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RUBUTA SUNAN WANI ƊALIBI A KAN TAKARDAR SHAIDAR GASAR DA 'YATA TA CI

Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ka da ma'aikatan ofishinka, ina neman izinin kawo kukana. Ni tela ne, ban saba rubuta wa hukuma takarda ba, kuma da akwai sauran wurin zuwa da ban je ba, da ban ɗauke maka lokaci ba.

1. Tun shekarar da 'yata ta shiga makarantar da hatiminta ke kan katin da na haɗo da wannan takarda, famfon makarantar jan ruwa yake kawowa, yara su sha su yi ta ciwon ciki. Daga Oktoban bara zuwa Fabrairun bana, yarinyar nan ta haɗa matatar ruwa da tsohuwar ganga da yashi da gawayi da tsakuwa. Kullum ƙarfe shida da rabi take fita don ta gwada ruwan ta rubuta a littafinta kafin a kaɗa ƙararrawa. Ƙyallayen tacewar ma a ƙarƙashin kekena take tsinta, har sai da na fara ɓoye yadin mutane. Malamin kimiyya shaida ne. Yau ɗalibai layi suke yi a gaban gangar nan duk lokacin hutun safe.

2. An shigar da aikin a gasar kimiyya ta shiyya da sunan makaranta, ya zo na ɗaya cikin makarantu arba'in da ɗaya. Aka sa ranar 14 ga Maris don karɓar kyauta.

3. Ranka ya daɗe, a nan matsalar take. Makarantar tana da kwat guda ɗaya mai tambari a ƙirji, yana rataye cikin leda a ofishin shugaba, kuma al'adarsu ba mai hawa dandamali da sunan makaranta sai da shi. Saboda haka idan an ci kyauta ba a tambayar wa ya yi aikin, wanda kwat ɗin ya yi wa daidai ake nema. Ranar 13 ga Maris aka gwada wa 'yata a gaban malamai. Hannun ya shanye yatsunta, gindin ya sauko mata har gwiwa, aka yi dariya. Ƙaramin jiki gare ta, ni ta gado, ba laifinta ba ne. Aka tura shugaban ɗalibai. Masu gasar kuwa a wurin suke cike takardar shaida, suka tambayi wanda ya hau sunansa, ya faɗa, suka rubuta.

4. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shekarata ashirin da bakwai a kan keke, kuma tsakanin shagona da ƙofar makarantar bai kai tafiyar minti goma ba. Da an aiko mini, sa'a ɗaya ta ishe ni in rage kafaɗa in naɗe hannu, washegari in warware ba wanda zai gane. Ba a aiko ba. Ita kuma ta ɓoye mini don kunya, sai da uwarta ta gan ta tana kuka a bayan ɗaki.

5. Na je wurin shugaban makaranta sau uku: 18 ga Maris, 8 ga Afrilu da 22 ga Afrilu. Na farko ya ce girman na makaranta ne gaba ɗaya, in yi alfahari. Na biyu aka ce yana taro. Na uku, bayan na tuntuɓi masu gasar, na kai masa amsarsu, cewa a shirye suke su sake takardar muddin ya rubuto da hatiminsa cewa an yi kuskure. Ya ce makarantarsa ba ta yi kuskure ba, ƙa'ida ta bi.

6. Ba na ƙorafi a kan shugaban ɗalibai. Yaron kirki ne. Da ƙafarsa ya zo shagona ya miƙa mini takardar, kansa a ƙasa, ya ce ba tasa ba ce. Tana cikin akwatin zarena, da sunansa a jiki, ba ta amfane shi ba, ba ta amfane mu ba.

7. Hukumar bayar da tallafin karatu ta ware gurbi ga duk ɗalibin da ya zo na ɗaya a wannan gasa, kuma za ta rufe karɓar takardu ranar 31 ga Mayu. Ba ta karɓar takardar da sunan cikinta ya saɓa da na mai nema. 'Yata injiniyar ruwa take son zama, kuma ba sai na yi wa Mai Girma Darakta bayanin inda ƙarfin tela ya tsaya ba.

Don haka ina roƙon ka da ka umarci shugaban makarantar ya rubuta wasiƙar gyara kafin ranar 20 ga Mayu, domin masu gasar sun ce aikin zai ɗauke su mako guda. Ina kuma roƙon a duba wannan al'ada ta kwat, don ban yi tsammanin 'yata ce ta farko ba.

Shekaranjiya yarinyar nan ta zo shago ta zauna kusa da ni, ta ce in fara koya mata taka keke tun yanzu. Ban raina sana'ata ba, ita ta ciyar da mu duka. Na dai ce ta dakata tukuna, in rubuta wa Darakta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙon amanar 'ya'yanmu.

Naka cikin ladabi da jiran amsa,

(sa hannu)
Tela, mahaifin ɗaliba mai lamba 2217.