Taɓarya Biyu

Gude,
9 ga Agusta, 2004.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki? Na iso gidan Gwaggo Uwaliya lafiya, tana gaishe ki.

Na san kina jin haushin tahowata. Amma Inna, a gabanki likita ya ce sugana ya fara hawa saboda ƙiba, ni da shekara goma sha biyar, kuma in hutun nan ya ƙare bai sauka ba, sai magani. Haka na Baba ya faro, har aka yanke masa ƙafa, har muka rasa shi. Wata biyu ina zagaye tsakar gidanmu kamar mai neman allura, ko gumi ban yi ba. Gudu a titi kuwa, budurwa da hijabi, balle yanzu da Shari'a, kin san bakin mutanen Gwarzo.

A nan mai injin surfe ya rufe saboda tsadar gas, mata duk sun koma turmi. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo min taɓarya. Ƙa'idarta ita ce: in ina iya rera waƙar daka, wasa nake; in kalma biyu ko uku ke fita, aiki ya kama; in magana ta gagara, in huta. Ranar farko ko kwano ɗaya ban surfa ba na zube. 'Yarta Sabuwa ta yi dariya har da hawaye.

Taki,
Badi'a.

Gude,
27 ga Agusta, 2004.

Innata,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya damina, ya kewa?

Direban da kika aiko ya kawo dambun nama da cincin, da saƙonki cewa in biyo shi. Ki yi haƙuri, ban biyo shi ba, kayan kuma yara sun gode. Wanda ya gaya miki wai na rame, hannuna ya yi kanta, kuma ni jikar dagaci na zama mai dakau, bai yi ƙarya a kan hannun ba. Ramar ce dai da saura.

Na san don so kike ɗura min abinci, ni kaɗai gare ki, kuma a wurinki ƙiba ita ce lafiya. Da direban ya juya sai da na yi kuka, don ina kewarki ƙwarai. Na share hawaye na koma turmi. Yanzu safe da yamma nake yi, ina haki, zufa har zani. Jiya na rera waƙar tun daga farko har ƙarshe, ina jiran yabo, sai Gwaggo ta karɓe taɓaryar ta ba ni wadda ta fi ta nauyi.

'Yarki,
Badi'a.

Gude,
16 ga Satumba, 2004.

Innata,

Sallama da fatan alheri. Ya jikinki?

Shekaranjiya Gwaggo ta kai ni asibiti a Kabo aka gwada jinina. Sugan ya sauka, Inna, alhamdu lillahi. Kilo huɗu kacal na rage, har na ɓata rai, amma likitan ya ce ba sikeli kaɗai ake dubawa ba, in lura yadda na tako daga tasha ban tsaya hutawa ba. Ya kuma ce ranar da na daina, abin zai dawo.

Ya tambaye ni ko akwai mai irin jikina a gida. Sai na tuna yadda kike dafa bango in za ki tashi daga sallaya, da ruwan da kike sha ba ƙaƙƙautawa, irin na Baba.

Ina tafe ranar Lahadi, Litinin kuma mu je a gwada ki. Ki sa a fito da turmin nan na ɗakin ajiya a wanke. Na sa an sassaƙa mana taɓarya biyu. Taki marar nauyi ce, kuma makon farko na yarda ki yi waƙa.

Taki har kullum,
Badi'a.