Fim Ɗin Da Wendell Bai Mutu Ba

Dayton, Ohio
4 ga Maris, 1996

Ƙanena Wendell,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Bernice da yara. Yaya Los Angeles, yaya kuma gwiwar nan taka? Mu nan sai godiya, in ban da abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka sake mutuwa ranar Talata. Tashar nan da ba ta da aiki sai maimaita tsofaffin finafinai ta saka wanda 'yan sanda suka harbe ka a kan matakala. Na dawo daga kanti na tarar Mama ta sa baƙar rigarta, har ta kira fasto. Karo na uku ke nan cikin wata biyu. Tun da mantuwar tsufa ta kama ta, abin da talabijin ya nuna shi ne gaskiya. Ka ji da kunnenka ran nan, da na ba ta waya ta ce muryar marigayi Baba ce. Na gwada kashe talabijin ɗin, ta wuni tana kuka. Duk ran da aka kashe ka a fim sai ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, likita kuwa ya ce zuciyarta ba za ta jure ba. Ina jin tsoro, Wendell.

Shekara ashirin kana gaban kyamara, ba a taɓa barin ka ka kai ƙarshen fim da rai ba. Da wannan fuskar taka ta marasa gaskiya, ban ga laifinsu ba. Yanzu ka zama darakta, kai ke cewa wane ya mutu, wane ya rayu. To, ka yi wa uwarka wani abu.

Yayarka,
Loretta

2 ga Afrilu

Ƙanena,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Kaset ɗinka ya iso. Bernice ta ce mutum goma sha biyu ka kwaso ranar Lahadi, da fitilu da kyamara, don kawai a ɗauke ka kana cin wake da burodin masara a kicin. Minti arba'in! Ka ci, ka wanke kwano, ka karanta jarida. Ban taɓa ganin ka wanke kwano ba, nan na san wasa ne.

Na saka wa Mama kaset ɗin. Da aka ƙwanƙwasa maka ƙofa a ciki, ta damƙe hannuna ta ce, "Kar ka buɗe, ɗan nan!" Ka buɗe, ashe mai kawo wasiƙa ne. Da kaset ɗin ya ƙare ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Fim ɗin dai ba shi da kai balle gindi, amma yaron ya tsira." Faranti biyu ta ci ranar. Yanzu kullum da safe shi take kallo, na kuma rabu da tashar can.

Allah ya yi maka albarka. Amma ka zo da kanka, kaset ba ya rungumar mutum.

Taka,
Loretta

20 ga Mayu

Wendell nawa,

Ina fata ka sauka lafiya. A gaida Bernice.

Na san abin da ya faru ya yi maka ciwo. Ka taso tun daga California, uwarka ta dube ka ta ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah." Ta zaunar da kai ta nuna maka ɗanta a talabijin, ka zauna minti arba'in kana kallon kanka, hawaye na bin gemunka. Ni ma kicin na gudu.

Kada ka sa abin a ranka. Tana ci, tana barci, baƙar rigar tana cikin akwati. Kai ka yi wannan.

Ga abin da ba ka ji ba. Motarka na tashi ta tambaye ni wane ne baƙon. Kafin in buɗe baki ta ce, "Ya iya kuka, ga shi kamar ba shi da kowa. Ki rubuta wa Wendell ya ba shi aiki a fim. Amma ki ja masa kunne, kar ya kashe shi. Shi ma da uwarsa."

To, na rubuta.

Yayarka mai ƙaunarka,
Loretta