Gyaɗar Yaranmu Tana Sito Tana Jiran Tuta

Zuwa ga Mai girma Dokta,
Wakilin yankinmu a Kwamitin Haɗin Gwiwa na Kayan Agaji,
Malaz, Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Allah ya ƙara lafiya, ya yi riƙo da hannunka.

Ranka ya daɗe, da wuya ka tuna da ni, kuma ban ga laifinka ba. Sunana Hauwa'u. Ina cikin matan da ke shirya kaya a siton kwamitinku da ke Birnin Masana'antu na Biyu. Ni ce wadda ta amsa sallamarka da Hausa ranar da ka zo zagaye kafin azumi, har ka tsaya ka yi dariya, ka ce ashe akwai 'yar gida a nan, ka tambaye ni garinmu. Allo na yi da Islamiyya, bokona bai wuce na yaƙi da jahilci ba. In ka ga kuskure a rubutun nan ka yi mini afuwa.

Na so in same ka ba tare da kowa ya ji ba. Na je ofishinku ranar hutuna, na zauna a benci har aka kira la'asar, sakatare ya ce kana tare da baƙi. Na koma wani makon, ya ce ka yi tafiya. Na bar saƙo, ban ji komai ba. Shi ya sa na rubuta a fili. Na san iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana hannun kamfanin da ya ɗauke mu, na kuma san abin da magana take jawo wa baƙo a ƙasar mutane. Sai da na yi istihara kafin na ɗauki biro.

Na farko, abin da ke cikin siton.

Abincin yara masu tamowa ne, wannan gyaɗar da ake niƙawa da madara da sukari a ɗura a 'yan ledoji yaro ya tsotsa. Yadda aka gaya mana, wata ƙasar Larabawa ce ta ɗauki nauyi, wata ƙasar Turawa kuma ta kawo kayan da masu duba ingancinsu. Saboda haka kowane kwali an liƙa masa takarda mai tuta biyu, da hannu biyu suna musafaha a ƙasansu. Mu muka liƙa. Ba na rufe kwali sai na yi bisimilla, don na san irin cikin da abin zai shiga.

Wata rana a jikin wani layin kwalaye na ga sunan ƙaramar hukumarmu. Na karanta, na sake karantawa. Na kira Amal, wata 'yar Sudan da muke tebur ɗaya, ta duba mini don kada a ce idona ne. Da ka zo na tambaye ka yaushe za su tashi. Ka ce kafin ƙaramar salla suna gida in sha Allahu, abin da ya rage kawai bikin sallamar kaya, jakadun ƙasashen biyu su zo a ɗauki hoto. Ba na cewa ka yi mini ƙarya. Na yarda abin da ka sani a lokacin ka faɗa.

Na biyu, inda maganarka ta je.

Ina da 'ya, Maryam. 'Yan bindiga sun tashe su daga ƙauyen mijinta, yanzu suna zaune a wata firamare a hedikwatar ƙaramar hukumarmu, su da wasu matan, aji ɗaya ake kwana. Tana goyon takwarata, muna ce mata Ummi. Ina nan aka haife ta, ban taɓa ɗaukarta ba, a waya na san fuskarta. Tun lokacin sanyi yarinyar ta soma zubewa. Malamar asibitin garin ta ɗaura mata igiyar awon nan a dantse, ta nuna ja. Ta ce abincin gyaɗa ya ƙare musu, kuma yaron da ya kai nan koko da tuwo ba sa zama a cikinsa. Ina aika abin da ya samu, amma wannan abincin ba a kasuwa ake samunsa ba. Malamar ta ce in Maryam za ta iya, ta bi ayarin da sojoji suke rakawa zuwa babban birni, can akwai. Ka san hanyar, ranka ya daɗe. Ko da rakiya ba kowa ke isa ba.

Maryam ta kira ni tana neman shawara. Na ce ta zauna. Na ce da hannuna na rufe kwalayen, da idona na ga sunan garin, kuma babban mutum ɗan ƙasarmu ya gaya mini da bakinsa. A gidanmu an san ni da abu ɗaya, ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Maryam ta gaya wa matan ajinsu cewa Ummanta da ke Saudiyya ta ce abinci yana hanya. Su ma suka zauna. Ayarin ya tafi babu su. Tun da ruwa ya sauka hanya ta lalace aka daina rakiyar.

Na uku, abin da aka yi da kwalayen.

An sa ranar biki. Aka shimfiɗa jar darduma a bakin sito, aka jera kujeru, aka kawo dabino da gahawa, mu ma aka ba mu sababbin rigunan aiki. Muka tsaya a layi har azahar, jakadu ba su zo ba. Daga baya mudir ɗinmu, wato shugaban siton, ya ce ƙasashen biyu sun saɓa a wani babban taro, a kan yaƙin da ake yi a wata ƙasar daban. Ban san wa ke da gaskiya ba, kuma ba hurumina ba ne.

Sai umarni ya zo a rufe tutar Turawa da farar takarda, wai kayan za su tafi da suna ɗaya. Muka bi kwali-kwali muka rufe. Ba su tafi ba, don masu kayan sun ce ba da yawunsu ba. Wajen babbar salla aka ce an sasanta, a ɓare farar takardar. To gam ya riga ya kama, ka san zafin garin nan. Da na'urar busar da gashi da bayan cokali muka yi aikin, wata tana hura zafi wata tana kankarewa, har yatsunmu suka yi kanta. Takardar ta fita, amma ta fita da fatar kwali. Wata Baturiya mai duba kaya ta zo, mace mai kirki, har ruwa ta miƙa wa Amal. Ta zagaya ta ce dokarsu ba ta yarda kwalin da ya yage ya hau jirgi ba. Ban zarge ta ba, aikinta ta yi.

Aka ce za a buga sababbin kwalaye. Har yau ba a buga ba. Abin da muka ji shi ne, ɓangare ɗaya ya ce tunda shi ya ɗauki nauyi tutarsa ta ɗan fi girma, ɗayan ya ce daidai aka yi alkawari. Duk ranar da na tambayi mudir sai ya ce bukura, wato gobe. Shi ma kunya yake ji, yanzu in ya hango ni sai ya canja hanya.

A jikin kowace leda akwai lokacin da za ta lalace, kuma an gaya mana in lokacin ya matso ba a fitar da kaya. Na taɓa ganin yadda ake yi da irin waɗannan. Mota ce take zuwa ta kwashe a je a ƙone.

Ran nan wata leda ta fashe a hannuna. Ƙamshin ya tashi, ƙamshin gyaɗar da mahaifiyata take soyawa in za ta yi ƙuli. Mu da muka tashi muna tsalle a kan buhunan gyaɗa, yau jikata tana jiran gyaɗa daga Riyad, ga ta kuma a tafin hannuna. Na wanke hannu na shiga ɗakin salla, na daɗe ban fito ba.

Na huɗu, wannan ne ya fi yi mini nauyi.

Ba a bincikar jakar abincinmu in mun tashi. Amal ta lura da halin da nake ciki, ta ce in riƙa sa 'yan ledoji a ƙarƙashin kwanona, ita za ta tsaya ta kare ni. Akwai maƙwabciyata Hajiya Binta, mai sayen abaya da turare a kasuwar Dira tana kaiwa gida, ta ce za ta tafi da su har hannun Maryam. Na ce a'a. Amana aka ba ni, kuma kowace leda a nan rabon ɗan wata ce, ba na Ummi kaɗai ba. Amal ta ce rabon wuta dai, tunda can za su ƙare.  Ni dai na san abin da ba a ba ni ba ba nawa ba ne, kuma ba na so abin da zai raya takwarata ya zama na sata. Na roƙi mudir ya ba ni da izini, ya ce wallahi ba shi da iko ko a kan leda ɗaya, sai kwamiti.

Makon jiya yaron wata mata a ajin su Maryam ya rasu, Saminu. Uwarsa tana cikin waɗanda suka fasa bin ayari. Ta aiko a gaishe ni, ta ce kada in sa damuwa a raina, kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya ta faɗa, babu mai wuce lokacinsa. Amma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranka ya daɗe, ba na raina alherin kowa. Larabawan nan sun ba da dukiyarsu, Turawan nan sun yi ɗawainiya, babu wanda muke bi bashi a cikinsu. Allah ya saka wa duk wanda ya yi da kyakkyawar niyya. Sai dai malaminmu na allo ya koya mana cewa kyautar da aka bi ta da son a gani ladanta yana zubewa. Kuma ina so ka gaya musu wani abu da wataƙila ba su sani ba. A sansani kwali ba ya kwana biyu yana kwali. Da an kwashe abin ciki sai a farke shi a shimfiɗa wa yara, ko a toshe tagar da ta fashe. Gefen da ke da takarda ake kifawa ƙasa, don yana da santsi, sanyin siminti ba ya ratsa shi da wuri. Tutar da ake ta ja a kan girmanta can take kwana, babba ce ko ƙarama. In manya sun ɓata suna da ofisoshi da tarurrukan da za su shirya, ko bana ko baɗi. Yaron da awonsa ya nuna ja ba shi da baɗi.

Ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, a zuba kayan a kwalayen da babu rubutun kowa su tafi yanzu. Mu matan sito mun yi magana, mun yarda mu yi aikin har ranar hutunmu. In an shirya daga baya, a jera kwalaye masu tuta ko da babu komai a ciki a ɗauki hoton, mu za mu sa sababbin rigunan mu tsaya a layi kamar wancan karon.

Biyu, in ka san ba za su tafi ba, don Allah ka faɗa a fili. Kada a sake ce mana gobe. Matan nan suna zaune ne a kan maganar da na kai musu, ni kuma daga bakinka na ɗauko ta. Su san inda suka tsaya, kai kuma ka yi magana da waɗanda suke jin maganarka a gida ko za a dawo musu da rakiya.

Uku, kuma ina jin kunyar wannan. Ka sa hannu a ba ni kwali ɗaya daga cikin yagaggun da aka ce ba za su hau jirgi ba. Ba hannun Maryam za a kai ba, hannun malamar asibiti za a kai, ita ta raba yadda ta ga ya dace, ko Ummi ta samu ko wani ya fi ta buƙata. Ina so dai ya fita ta ƙofa, da izini, a gaban kowa.

Da, in na kira, Maryam takan tambaye ni ko kayan sun taso. Yanzu ta daina tambaya. Sai ta gaishe ni, ta juya wayar wajen fuskar yarinyar. Ummi ma ta daina kuka, malamar ta ce ba alamar sauƙi ba ce.

Allah ya yi maka jagora a wannan kujera, ya sa ka sauka lafiya. Allah ya raya maka zuriyarka, kada ya nuna maka ranar da za ka riƙe maganin jikanka a hannu ba ka da ikon miƙa masa. Allah ya daidaita tsakanin shugabannin nan, ya ji ƙan Saminu, ya ba uwarsa haƙuri.

Ranar Alhamis Hajiya Binta za ta tashi. Ta rage kayan sana'arta ta bar mini rabin akwati babu komai a ciki. Ta ce ba za ta rufe ba sai motar filin jirgi ta tsaya a ƙofa.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hauwa'u, kakar Ummi,
Sashen mata, siton kayan agaji,
Birnin Masana'antu na Biyu, Riyad.