Kalma Biyu a Kan Hanyar Dosso

Akwatia Line, Kumasi
9 ga Disamba, 1969

Uwargidana Mamuna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gajiyar lori, yaya tarin 'yarmu Balki? Ina fata kun isa Dosso lafiya.

Takardar zama ba ta samu ba, ni ma dokar korar baƙi daga ƙasar nan ta hau kaina. Za ki ce na rasa abin yi, amma wata 'yar magana ce ta tsaya mini a rai. Na so in rubuta wa Mista Okabe, Bajapanen da ya koya mini gyaran rediyo a Adum, sallama da harshensu. Na buɗe ƙamus ɗinsa, sai na tarar da kalma biyu, kaeru da modoru, Turanci ya yi musu fassara ɗaya: komawa.

Na tambaye shi. Ya ce modoru komawa ce inda ka taɓa zuwa, kamar ka manta sukudireba a shago. Kaeru kuwa ta gida ce kaɗai.

To ni wacce zan ɗauka? Nan aka yanke mini cibiya, ban taɓa taka Dosso ba, ko da yake can ne asalinmu. Ba gidana ba ne, ban kuma bar sukudireba a can ba. Wallahi tsoro nake ji, Mamuna. Har na fara tunanin in ɓuya a unguwar Sofoline wurin Issaka, abokin aikina, in ga abin da hali zai yi.

Mijinki,
Seini

16 ga Disamba, 1969

Mamuna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso ta bakin direba, har da faɗan, bai rage komai ba.

Jiya da la'asar Okabe yana rufe akwatin aikinsa na ji ya ce kaeru. Na tare shi, don na san ɗakin haya zai tafi, ba Japan ba. Ya yi dariya, ya ce shekara biyu yana kiran ɗakin nan masauki, har ranar da matarsa ta iso ta ɗora tukunya.

Ban je Sofoline ba. Na rubuta katin sallamar, na miƙa wa Okabe. Ya karanta sau biyu, ya ciro alƙalaminsa yadda ya saba in zai yi mini gyara, sannan ya mayar da shi aljihu.

Kaeru na rubuta. Lorin Asabar zan hau. Ki ɗora tukunya.

Naki har kullum,
Seini