Gidana na Xiaobei Ba Masaukin Ƙungiya Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Arewa mazauna Guangzhou, Alhaji Sabi'u.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ranka ya daɗe yana cikin ƙoshin lafiya tare da 'yan kwamiti. Na so in same ka a ofis mu yi maganar nan mu biyu, sai na tuna a bainar jama'a aka yi mini dariya. Shi ya sa na roƙi mai gidan abincin da muke taruwa ya bar ni in manna takardar nan kusa da wurin wanke hannu, inda kowa sai ya tsaya.

Na farko. Bara, da zaman otal ya ishe ni, na zo maka da batun sayen gida, ciki da falo, a hawa na tara na wani bene a unguwar Xiaobei wanda aka yi wa kwaskwarima da sabon tayil da fenti. Kamfanin da ke sayar da gidan ya nemi wani babba cikin jama'ata ya shaide ni. Ka ƙi, kuma wannan haƙƙinka ne. Amma bayan sallar Juma'a ka tara mutane ka ce Malam Habibu zai sayi iska: gida ba ƙasa, ba zaure, ba inda za a ɗaure ragon layya, kuma wai bayan shekara saba'in hukuma na iya karɓe filinta. Alhaji, na haura hamsin. In Allah ya kai ni wannan rana, da kaina zan kai musu makulli.

Na biyu. Ma'ajin ƙungiya ya binciko cewa tagar falon yamma take kallo, kuma Sinawa na gudun irin wannan gida saboda zafin ranar la'asar, don haka an cuce ni. Gaskiya ne suna gudunsa. Dillalin ma haƙuri ya dinga ba ni yana kirana lawban, wato maigida, ni kuwa na ɗaure fuska na bar shi yana ta rage kuɗi. Ban ga amfanin gaya masa cewa a Kano na tashi ba, inda rana ba ta neman izinin taga. Kafin in shiga fataucin takalma labarin ƙasa nake koyarwa, kuma taswira ba ta canza ba: daga nan alƙibla yamma take. Yanzu in na shimfiɗa darduma sararin sama ne a gabana. A otal kuwa ƙofar banɗaki muke fuskanta, kai ma shaida ne.

Na uku, kuma shi ne ainihin kukana. Tun da na karɓi makulli, gidan da ka kira iska ya zama masaukin ƙungiya. Mutum zai sauka daga jirgi da jakunkunansa, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce Shugaba ne ya turo shi. Lokacin babban baje kolin da ake yi a garin nan da kaka sai da na riƙa tsallake mutane kafin in kai ga buta. Kwalayen takalman kasuwar Zhanxi Lu suka taɓa silin. Wani bawan Allah daga Maraɗi, mutumin kirki, ya kafa turmi a tsakar falo yana dakan yaji, har tsohuwar da ke ƙasa da ni ta hawo da tsintsiya a hannu.

Ban kori kowa ba, don ba a haife ni a gidan da ake korar baƙo ba. Amma ka san dokar ƙasar nan: duk baƙon da ya kwana sai an yi masa rajista wurin 'yan sanda. Masu kula da benen sun gargaɗe ni sau biyu, suka ce na uku takardar izinin zamana ce za ta amsa. Ni kuwa ba don ado na sayi gidan ba. Maiɗakina, Hajiya Rabi, ta yi shekaru ba ta san mijinta ba sai a wayar tarho da zuwan sallah. Ita na saya wa. Ba zan ɗauko ta daga Kano in kawo ta gidan da za a iya korar mu cikinsa ba.

Alhamdu lillahi, na je ofishin 'yan sanda da ƙafata na wanke kaina. Na ba tsohuwar haƙuri, yanzu har lemo take aiko mini. Takardar mallaka ta fito da sunana, ita ma Hajiya bizarta ta fito. Dillali kuma ya tsegunta mini cewa wasu 'yan kwamiti sun je neman gida mai kallon yamma. Ba zan ambaci suna ba, sai dai ina yi wa ma'aji murna.

Roƙona guda uku ne. A daina ba da adireshina ba tare da an tambaye ni ba. Ƙungiya ta kama wa baƙinta masauki da kuɗin da muke zubawa duk wata, ni ma zan ƙara nawa. Sannan duk wanda ya zo neman shaidar sayen gida, a ba shi, ko a hana shi cikin sirri.

Ina kuma sanar da kai cewa baƙona na ƙarshe ya tashi jiya, na yi masa rakiya har bakin titi, na dawo na sauya kwaɗon ƙofa. Hajiya za ta sauka bayan Babbar Sallah, in sha Allahu. Wanda ya zo gaishe ta muna maraba, akwai tuwo, amma kowa zai kwana inda ya baro jakarsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya taya ka riƙon jama'a, ya ba ka naka gidan.

Wassalam.

Malam Habibu mai takalma,
Hawa na tara, Xiaobei, Guangzhou.