Ranar da Di'o Ya Zo Lafani da Mota

Illela, farkon damina, 1934

Zuwa ga ɗana Junaidu, Makarantar Midil, Sakkwato.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da malamanka da abokan karatunka. Mu nan sai godiya, in ban da tsufa.

Takardarka ta iso. Ka ce malaminku na Turanci ya koya muku hanyoyi uku na shawo kan mai sauraro, wato mutuncin mai magana, da taɓa zuciya, da hujja, kana so in ƙara maka haske tunda na yi aikin tafinta. Sai da na yi dariya ni kaɗai. Tun Bature bai sha ruwan Sakkwato ba na karanta ilimin balaga, wato fasahar magana, a gaban malamai, daga baya na zauna da yara sa'o'in ƙannena na koyi harshen Turawa. Abin da na samu shi ne sallama daga aikin tafintan, wai ina sa wa magana gishiri.

Amma tambayarka ta zo a kan gaɓa. An kwashe mazan Lafani aikin tilas, suna gyaran hanyar mota da za ta kai Kwanni. Ga gero ya tsiro, ciyawa na neman haɗiye shi. In ba a sako su sun yi noman fari ba, bana Lafani babu hatsi. Di'o, Baturen da ke mulkin yankinmu, zai zo rangadi, shi ne Maccido, mai garin Lafani, ya roƙe ni in shirya masa abin da zai faɗa.

Na ce masa kunnen Bature a farkon zance kaɗai yake buɗe. Ya fara da hujja: garin da bai noma ba, baɗi babu wanda zai iya ɗaga diga a cikinsa. Kwatance ɗaya ya isa, ya ce gero jinjiri ne, ba ya jiran uwa ta gama wani aiki. Kada ya ce mutane na mutuwa, don ba su fara ba, Bature kuwa in ya kama ka da ƙari sau ɗaya ya gama da kai.

Ka riƙe wannan, ya fi abin da ke littafinku.

Kawunka,
Maharazu

Illela, bayan mako guda

Ɗana Junaidu,

Ina gaishe ka, ina fata karatu na tafiya. Hankalina ba a kwance yake ba.

Maccido ya hardace maganar tsaf. A zaurena, ni ina zaune a matsayin Di'o, yana kawo ta kamar karatun sallah. Amma jiya da ya gama sai ya ce, "Malam, mi kake so a ce da ni? Baƙo bai sha ruwa ba in tarbe shi da kuka? Ni mai gari ne ko maroƙi?" Na ce masa wannan baƙon ba ya shan ruwanmu, da nasa yake yawo a gora. Ya yi dariya ya ce Turanci ya ƙone mini kunya.

Na bi ta gonakin Lafani. Mata da tsofaffi ne a duƙe, ba su ci rabi ba. Ka taya mu da addu'a.

Kawunka,
Maharazu

Illela, ranar Lahadi

Ɗana Junaidu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Di'o ya zo, ba a kan doki ba, a mota. Aka shimfiɗa masa a rumfa. Maccido ya yi gaisuwar gajiya, ya yi ta ruwa, ya yi ta iyali. Bature ya sa tafintansa ya tambaya ko akwai damuwa. Maccido ya ce, "Sai alheri, ranka ya daɗe."

Na san abin da yake jira. Rakiya yake jira, kamar yadda iyayensa suka yi: ya kama linzamin baƙo, su taka zuwa bayan gari, can ya sassauta murya ya faɗi abin da ke ransa, ba a gaban talakawansa ba. Ya manta ba a yi wa mota rakiya. Direba ya murɗa ƙarfe, ta yi gurnani, Maccido na tsaye yana gyara rawani.

Ban san lokacin da na sha gabanta ba. Na yi Turancin da na daɗe ban yi ba. Na kawo hujjar, na kawo jinjirin, na tambayi Di'o wa zai yi tafiya a hanyar da ta ratsa kufai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Turancina ya yi kyau, ya ce a sako mazan Lafani. Mata suka yi ta guɗa. Ba zan ɓoye maka ba, ranar na ji kamar an mayar mini da shekaruna.

Sai dai ya ce hanya ba za ta tsaya ba. Washegari dogarai suka wuce Garu, garinku, suka ɗebi maza su maye gurbin waɗanda aka sako. Mahaifinka Dabo na ciki, da yayanka Lawwali. Garu ba su da wanda zai sha gaban mota.

Na je na sami mahaifiyarka a gona, ita kaɗai da hauya. Ƙanwata Raliya, wadda na goya tana jinjira, na yi mata sallama ta ci gaba da nomanta, ba ta ɗago ba.

Gobe zan koma da tawa hauyar, ko ta amsa ko ba ta amsa ba, duk da rabona da noma tun ina yaro. Ni kaɗai ba zan iya ba. Ka nemi izini wurin shugaban makarantarku ka taho, kada ka jira hutu.

Allah ya kawo ka lafiya.

Kawunka,
Maharazu