Runhun Kan Iyaka

Daren Talata, tsakiyar rani

Barci ya ƙi zuwa. Da hantsi na je gona na tarar an sare runhun da ke kan iyakarmu da Baffa Sale. Furanninsa rawaya na zube a ƙasa, ko yaushi ba su yi ba. Kowa ya san daga runhun nan gonar marigayi Baba ta fara. Shi kaɗai ke fure a wurin in rani ya yi, har daga hanyar Ɗanbatta ana hango shi.

Na tambayi Baffa, ya ce, "Haba Habu, itacen daji ne fa. Wa ya shuka shi? Ko'ina fitowa yake."

Gaskiya ne, ba wanda ya shuka shi. Amma tun bara kunyoyin Baffa ke matsowa.

Inna ta ce in yi shiru, runhu ba ya mutuwa muddin saiwarsa na ƙasa, zai tofo kafin shuka. Da magariba na koma na zuba wa kututturen ruwa, na rufe shi da ƙaya.

Ina dawowa Inna ta tare ni a zaure, muryarta ƙasa-ƙasa. Wai Baffa ya aiko, yana son aron digarmu gobe da asuba.